Layin da Mai Rediyo Ya Bari

Taga ta uku ce tawa a Ofishin Kula da Harkokin Ɗalibai. Shekara shida ina zaune a bayanta, ina sauraron wanda katinsa ya ɓata, da wadda abokiyar ɗakinta ta hana ta barci da munshari, da waɗanda suka zo a rubuta musu takardar shaidar cewa su ɗalibai ne, kamar ramar da ke wuyansu ba ta isa shaida ba. Asabar da Lahadi kuwa ni ma ɗalibar ce. Ina digiri na biyu a fasahar koyarwa, karatun da har yau mahaifiyata take gaya wa maƙwabta wai gyaran kwamfuta ne. Na gaji da gyara mata zance, na ƙyale ta.

Karatun nan ne ya jawo mini duk wani aikin kwamfuta na ofis. Da jami'a ta fara ɗaukar laccoci a bidiyo, ni aka ɗora wa sanya su a shafin karatu, inda kowane ɗalibi zai shiga da lambarsa da kalmar sirrinsa ya kalla. Bidiyo ɗari biyu da sha biyu na sanya da hannuna. A kansu kuma na gina aikina na kammala karatu: wata 'yar manhaja da ke lura da yadda ɗalibai ke kallo, ina suke tsayar da bidiyo, ina suke komawa baya, ina suke gajiya su rufe. Niyyata a gano wanda karatu ya fara yi wa nauyi tun kafin ya faɗi. Niyyar dai ba ta da aibu. Bakina ne ya ɓata ta.

Wata Alhamis manhajar ta fito mini da wata lamba da ta sa na ajiye kofin shayina. Ɗalibi yakan tsayar da laccar awa ɗaya sau biyar ko shida. Wannan lambar, ta wata 'yar aji biyu a sashen harhaɗa magunguna, tana tsayarwa sau ɗari tara da wani abu. Daƙiƙa huɗu a tsaya, daƙiƙa huɗu a tsaya, tun daga gaisuwar malami har ya tattara takardunsa. A lacca ta bakwai kuma akwai wani wuri a minti na ashirin da uku da aka maimaita sau ɗari uku da sha biyu. Sai na duba lokaci. Ana kallon ne tsakanin goma na safe da huɗu na yamma, daga wata waya a wajen jami'a, a daidai sa'o'in da rajista ta nuna yarinyar tana ɗakin gwaji.

Da ina da hankali da na yi shiru na bincika. Amma ranar Litinin a taron ofis na kunna majigi, na baje jadawalin a bango, ina nuna dogon layin lambar yarinyar da sanda kamar ni na haife shi. So nake a san karatuna ba wasa ba ne.

Shugaban ofis ya cire gilashinsa. Shekarar da ta wuce an kama wasu suna kwafe laccoci suna bazawa a waje, tun daga nan aka kafa doka: wanda ya ba wani kalmar sirrinsa za a dakatar da shi shekara guda.

"Wannan ai kwafa ake yi," in ji shi. "Madalla da aikinki. A rubuta mata takardar gayyata gaban kwamiti ranar Laraba ta sama."

Saura kwana goma sha shida a fara jarrabawa. Na ce, "Ranka ya daɗe, ba don kama mutane na yi manhajar ba." Ya ce ai ga shi ta kama.

Da muka fito, dattijuwar da ke kula da ɗakin fayil ta tare ni. Uwar Fayil muke ce mata. Ta riga kowa zuwa ofishin, ta riga kwamfutocin ma, kuma ba ta taɓa ɓoye cewa ba ta yarda da su ba.

"Kin taɓa ganin yarinyar?"

"Na ga bayananta duka."

"Fuskarta nake tambaya, 'yar nan."

Na ce a'a. Ta gyaɗa kai ta koma cikin fayilolinta, ta bar ni da haushi.

Washegari yarinyar ta zo karɓar takarda. Siririya ce, da farar rigar ɗakin gwaji a ninke a hannu. Ina magana ta ƙura wa bakina ido, ko ƙiftawa ba ta yi, ni kuwa na ɗauka raini ne. Na juya wajen kwamfuta ina karanto mata laifinta, na tambaye ta ko tana da abin cewa. Shiru. Na sake tambaya da ƙarfi, har na taga ta biyu ya leƙo. Sai na ji an taɓa hannuna. Ta turo wata 'yar takarda ta ƙarƙashin gilashi: "Anti, ki juyo ki dube ni. Ba na ji."

Kunya ta rufe ni tun daga kai har ƙafa. Na juyo. Ta karanta takardar gayyatar sau biyu, sannan ta yi magana da wata murya mai ɗan ƙarfi, irin ta wanda ba ya jin kansa.

"Babana ne. Ni na ba shi."

"Kin san doka kuwa?"

"Na sani."

"To me yake yi da laccar harhaɗa magunguna?"

Sai ta jawo takardar ta zana mini kwatance: bayan tashar mota, layin masu gyara, shago na huɗu. A ƙasa ta rubuta, "Ki zo ki gani, don Allah. In na faɗa ba za ki yarda ba."

Ranar Asabar na tsallake ajina, karo na farko tun da na fara karatun, na tafi.

Layin masu gyara ƙunci gare shi, kowane shago da irin ƙararsa. Na huɗun bai fi ɗakin wanka girma ba. Rediyoyi ne jere har rufi, wasu ba baya, wasu ba gaba, ga warin dalma, ga fanka ƙarama tana juyawa tana ƙara kamar za ta tashi sama. A tsakiya wani dattijo mai furfura a gemu yana zaune a kan benci. Ya jingina waya da wani tsohon batir, iyafis a kunnensa ɗaya, littafin rubutu a cinyarsa. Bai gan ni ba, ni kuma na kasa yin sallama.

Ya taɓa wayar da ɗan yatsan hagu. Ya saurara. Ya taɓa ta tsaya. Ya rubuta. Ya taɓa, ya saurara, ya tsayar, ya rubuta. Na tsinci kaina ina ƙirgawa a zuci: ɗaya, biyu, uku, huɗu. Dogon layin da na nuna da sanda a bango, ga shi nan zaune a gabana da biro a hannu.

Wani mutum ya zo da rediyo a hammata. Dattijon ya ɗaga masa hannu ba tare da ya ɗago kai ba, sai da ya kai ƙarshen jimla. Sannan ya karɓi rediyon, ya kunna, ya kara a kunnen da ba iyafis, ya ce, "Ba lasifika ba ce, waya ce ta saki. Dawo da la'asar." Daga nan ne ya lura da ni.

"Sannu, 'yata. Ke ce ta ofis? Ta ce za ki zo. Zauna nan, ki yi hankali da ƙarfen liƙi, da zafi."

Na gaishe shi na zauna. Na ce, "Baba, me kake rubutawa?"

"Abin da malam ya faɗa."

"Duka?"

"To wanne zan bari?"

Ya jawo wani kwali daga ƙarƙashin benci. Littattafai goma sha huɗu ne a ciki, kowanne da lambar lacca a bango. Na buɗe ɗaya. Rubutu ne manya-manya, a tsaye, na wanda ya bar makaranta da wuri amma bai bar biro ba. Sunayen magunguna da na sinadarai ya rubuta su yadda kunnensa ya ji su, a saman kowanne kuma an gyara da jan biro, da ƙaramin rubutu mai kyau.

"Jan nata ne," ya ce. "In ta dawo sai ta duba littafinta na makaranta ta gyara mini. Da farko shafi duk ja ne. Yanzu duba nan." Ya buɗe littafi na goma sha uku, yana murmushi kamar yaron da ya ci gwaji. Gyara biyu ne kawai a shafin.

Ya ba ni labari yana goge bakin ƙarfen liƙi. Tana da shekara goma sha uku zazzaɓi ya kwantar da ita, ta tashi ba ji. Ta koyi karanta leɓe da kanta, ta gama sakandare a bencin gaba, ba wanda ya kai ta maki. Da ta zo cike fom ɗin jami'a, ta ga gurbin da ake tambayar ko mutum yana da wata lalura, ta tsallake shi, don tsoron kada a ce mai harhaɗa magani dole ya ji.

"Shekarar farko ta yi ta lallaɓawa. Bana sai aka haɗa ta da wani farfesa." Ya shafa saman leɓensa. "Gashin baki gare shi kamar tsintsiya. Ga shi kuma da allo yake hira, ba da mutane ba. Ta dawo gida ta zauna nan inda kike, tana kuka. Na ce, ke, ni shekara arba'in da kunne nake ci da ku. Kawo wayar."

Ina juya shafuka sai na fara ganin wasu layuka da ya kewaye da biro. "A nan ya yi tari." "A nan wata ta yi tambaya daga baya, ga abin da ta ce." "A nan ya ce wanda ya zo a makare ya fi maganin tari saurin sa barci, aka yi dariya sosai."

"Baba, har da wannan?"

"Wannan ai ya fi muhimmanci. Ta ce mini tana zaune a aji sai ta ga kafaɗun mutane suna rawa, ba ta san me aka ce ba, sai ta yi murmushi don kada a gane. Shekara bakwai tana murmushin nan. To yanzu ko a makare ne, tana yin dariyarta."

Ban san lokacin da hawaye ya zubo mini ba. Na yi kamar hayaƙin dalma ne, shi kuma ya yi kamar ya yarda.

Na tambaye shi minti na ashirin da uku a lacca ta bakwai. Fuskarsa ta canza. Ya nemo littafin, ya buɗe. A tsakiyar shafi cike da rubutu akwai layi ɗaya fari fat.

"Nan ya kayar da ni. Malamin ya juya baya, ya yi nesa da abin magana, ga wata ƙara. Na sa a babbar lasifika, na rage ƙasa, na ƙara sama, na kwana uku a kai ban taɓa rediyon kowa ba. Ina jin muryarsa, amma kalmomin sun ƙi fitowa. Kullum ina tunanin kada a ce abin da zai fito a jarrabawa ne." Ya rufe littafin. "Za su kore ta, 'yata?"

Na ce ban sani ba, don gaskiyar ke nan.

A mota ina komawa wani abu ya faɗo mini. A shafin da nake sanya bidiyo akwai wani gurbi a ƙasa: rubutun magana, don masu matsalar ji. Kusa da shi an rubuta "ba dole ba". Sau ɗari biyu da sha biyu na tsallake gurbin nan. Har jarrabawa na rubuta a kansa a zangon farko, na ci maki mai kyau.

Ranar Litinin na shiga ɗakin fayil na gaya wa Uwar Fayil komai. Na zaci za ta ce ai ta faɗa mini. Ba ta ce ba. Ta tashi ta nufi wata tsohuwar durowar ƙarfe a lungu, ta yi ta fama da ita har ta buɗe da ƙara, ta zaro wani fom da ya fara yin ruwan ƙasa.

"Ofishin nan yana da ikon naɗa wa ɗalibi mai lalura mataimaki, ya shiga duk inda ɗalibin zai shiga. Shekara tara ba wanda ya tambaye ni fom ɗin nan. Ba a sa shi a kwamfutarku ba, shi ya sa kuka ɗauka babu shi."

Laraba kwamiti ya zauna a ƙaramin ɗakin taro. Shugaba a tsakiya, malamai biyu a gefe, ɗayansu kuwa Farfesan ne da kansa. Da na ga gashin bakin sai da na danne dariya, don Mai Rediyo bai yi ƙari ba. Yarinyar ta zauna inda za ta ga bakin kowa. Mahaifinta yana gefenta cikin wankakkun kaya, kwalinsa a kan cinya.

Shugaba ya karanta doka, ya tambaye ta ko ta ba wani kalmar sirrinta. Ta ce ta bayar. Ya ce to magana ta ƙare ke nan. Sai na miƙe na ce akwai laifi a maganar nan amma ba nata ba ne. Na faɗi gurbin da na tsallake, na faɗi sau nawa. Ban taɓa tona wa kaina asiri a gaban shugabana ba sai ranar, kuma ban mutu ba.

Mai Rediyo ya jera littattafan a kan tebur. Farfesa ya ja ɗaya da yatsa biyu, kamar mai duba abin da ba ya so ya taɓa. Ya karanta shafi ɗaya. Ya gyara zama. Ya karanta na biyu, ya ja wani littafin, ya buɗe tsakiya.

"Wa ya koya maka wannan fannin?"

"Kai ne, malam. Amma ban gane komai ba, rubutawa kawai nake yi."

"Shekara ashirin da biyu ina koyar da darasin nan," in ji Farfesa, yana duban Shugaba. "Ni kaina ba ni da shi a rubuce haka." Ya sake juya shafi, sai ya tsaya. "A nan na ce miligiram hamsin?"

"Haka ka ce. A lacca ta tara kuma ka ce biyar. Na rubuta duka biyun na sa alama, ita ta duba ta ce biyar ne."

Farfesa ya cire hularsa ya ajiye a kan tebur. Ban taɓa ganin babban mutum ya dubi wani da irin wannan kallon ba.

Shugaba ya yi gyaran murya ya ce duk da haka doka doka ce, ba shi ya rubuta ta ba. A nan ne Uwar Fayil, wadda ba wanda ya gayyace ta, ta turo ƙofa ta ajiye masa fom ɗin a gaba. Ya karanta, ya juya bayansa, ya sake karantawa. Ya tambayi yarinyar me ya sa ba ta faɗa ba tun farko. Ta ce tsoro ta ji. Ya daɗe yana kallon littattafan nan goma sha huɗu, sannan ya zaro biro daga aljihu.

"Sunanka za a rubuta a nan, Baba. Daga yau da izininmu kake shiga." Ya dube ta, ya buɗe baki sosai yadda za ta gani. "Ki je ki yi shirin jarrabawa."

Ta rufe fuska da farar rigarta. Ni kuma aka ba ni kwana goma in cike gurbin da na tsallake, aka ce in roƙi Baba aron littattafansa. Aikin kammala karatuna ma a ranar ya canza hanya.

Mutane sun fara tattara takardu, sai Mai Rediyo ya ɗaga hannu kamar ɗan aji.

"Malam, tunda Allah ya haɗa mu, ina da tambaya ɗaya."

Ya buɗe littafi na lacca ta bakwai, ya tura wa Farfesa, ya ɗora yatsa a kan farin layin. Na kunna bidiyon a kwamfutata, na kai minti na ashirin da uku, na ƙure murya. Muka ga Farfesa a allo ya juya baya, ya taka zuwa gefe, ya yi wata magana cikin ƙara. Farfesa na gaske ya matso da kunnensa. Ya ce a sake. Aka sake. A karo na uku sai ya dafe goshi.

"Wayyo, Baba. Cewa na yi, wani ya rufe mana tagar nan, injin yankan ciyawa ya dame mu."

"Shi ke nan?"

"Wallahi shi ke nan. Ka yafe ni."

Mai Rediyo ya fashe da dariya, har yana buga cinya, har hawaye. Shugaba ya kama, Uwar Fayil ta kama, ni ma na kama. Yarinyar tana duban fuskokinmu ɗaya bayan ɗaya, tana ganin kafaɗunmu suna rawa. Sai na ga murmushin nan ya fara fitowa a fuskarta, wanda mahaifinta ya ba ni labari.

Shi ma ya gani. Nan take ya daina dariya. Ya jawo littafin, ya cire murfin biro da haƙori, ya cike layin da manyan haruffansa, a hankali, bai bar kalma ɗaya ba. A ƙasa ya ƙara wani layin ya kewaye shi, ya tura mata. Ina tsaye a bayanta, na karanta tare da ita: "A nan babanki ya kwana uku a kan taga."

Ta karanta, ta dube shi, ta sake karantawa. Sannan ta yi dariya, da ƙarfi, ita kaɗai, mu duka muna tsaye muna saurarenta.